Na biya an yi min hifnosis a Ikeja saboda ciwon ciki, ga yadda ta kaya

Yau wata uku kenan da na yi zama na ƙarshe a wajen matar nan da ke yi wa mutane hifnosis, wato sa mutum cikin zurfin nutsuwa ta hanyar magana, a Ikeja, kuma da gangan na ƙi cewa komai tun a lokacin, don na san halin cikina, yakan lafa sati biyu har mutum ya fara murna sai ya dawo kamar an aiko shi. Yanzu kam ina ganin lokaci ya yi da zan iya magana ba tare da na zalunci matar ba, ba kuma tare da na yaudari wanda zai karanta ya ɗauki kuɗinsa ya tafi ba. Sunan wajen ba zan faɗa ba, saboda akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su.

Ni a Agege nake zaune, aikina a kasuwar Mil 12, ni ke riƙe wa kawuna lissafin motocin albasa da tumatir da ke sauka daga Arewa. Shekara huɗu na yi ina fama da ciki. Kumburi, murɗa, yau gudawa, jibi kuma in kwana uku ban zaga ba, da na ci abinci sai cikin ya cika tam kamar an hura balan-balan. Duk wanda ya taɓa shiga danfo da safe ya maƙale a goslo wajen Ojota ya san abin da nake nufi idan na ce ciki ya murɗa maka a wurin, ba wajen sauka, ba wajen zagawa, sai gumi kawai da addu'a. Har ta kai ba na karyawa sai na isa kasuwa, wani lokaci sai azahar. Maganin olsa na sha ba adadi, na sha na taifot, na sha na basir irin na masu yawo da lasifika, Hajiyarmu ta aiko min da saiwoyi daga gida har sau uku. Daga ƙarshe wani likitan ciki ya sa aka zura min kyamara ta sama da ta ƙasa, aka yi gwajin jini da na bayan gida, ya duba ya ce babu gyambo babu ƙari babu komai, larurar hanji ce da ake kira IBS. Ya canza min abinci, ya ba ni magani, na samu sauƙi kaɗan amma ba wanda zai sa in daina tsoron hanya ba. Bayan fiye da shekara guda muna haka, shi ne ya ce min ko zan gwada hifnosis.

Wallahi da ya faɗa sai da gabana ya faɗi. Abin da ya zo min rai shi ne labaran da kowa ya sani a garin nan, a taɓa mutum a tasha ya bi ɓarayi har gida ya kwaso musu kuɗi da hannunsa, da kuma irin na finafinai, a riƙa kaɗa agogo a gaban mutum ya yi barci a ce ya yi kukan kaza ya yi. Maiɗakina cewa ta yi wannan ai rufa-ido ne. Hajiya kuwa a waya ta ce, “Kai dai kar ka bari wani ya yi maka wasa da hankali, ciwon ciki bai kai ciwon hauka ba.” Na je wajen malamin da nake ɗaukar karatu a hannunsa bayan magariba na ba shi labari. Tambaya uku ya yi min, ana kiran wani abu da ba Allah ba, ana ba mutum wani abu ya sha ko ya shaƙa, sannan hankali yana gushewa? Na ce Allah gafarta malam bisa abin da na karanta duk babu. Ya ce to ka je da iyalinka ku gani da idonku, in ka ga abin da bai dace ba ka tashi ka fito.

Da yake ilimin aikin sassan jiki na karanta a jami'a kafin rayuwa ta kawo ni Ikko, sai na zauna na bi abin tun daga tushe, kuma tsoron da mutanenmu ke yi ba sabo ba ne, Turawan ma ta nan suka fara. Wani likita Bajamushe mai suna Franz Mesmer ne ya shahara da abin a Faris, yana cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi kamar na maganaɗisu da ke gudana daga jikinsa zuwa na mara lafiya. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamitin bincike wanda masana kimiyya Benjamin Franklin da Lavoisier ke ciki, suka rufe wa mutane ido suka gwada, sai aka ga mutum na zabura idan ya zaci ana yi masa ko da ba a yi, idan kuma ana yi bai sani ba babu abin da ke faruwa. Suka ce babu wani maganaɗisu, tunanin mutum ne ke aikin. Daga baya a shekarun 1840 wani likitan tiyata a Manchester, James Braid, ya yaɗa sunan da ake amfani da shi yanzu, daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Sunan kuma bai dace ba, don ba barci ba ne, idan aka sa wa mutum wayoyin auna motsin ƙwaƙwalwa a ka ana ganin a farke yake.

Wajen da na je ofis ne mai ɗaki biyu a hawa na farko, tsaf-tsaf, akwai esi, akwai kujera mai kwanciya baya irin ta masu aski amma mai laushi. Matar Bayarabiya ce, za ta kai shekara hamsin, masaniyar halayyar ɗan Adam ce mai ganin marasa lafiya, takardunta na rataye a bango kuma na tsaya na karanta su ɗaya bayan ɗaya ba ta nuna damuwa ba. Abu na farko da ya kwantar min da hankali, ta ƙi fara komai sai da ta ga sakamakon kyamarar nan da takardar likita. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin jini a bayan gida, ko ina ramewa, ko ciwon na tashina daga barci da dare, ko akwai mai cutar daji ta hanji a danginmu, ta ce da ɗaya daga cikin waɗannan ya kasance da asibiti za ta mayar da ni. Ta kuma tambayi ko na taɓa samun taɓin hankali ko jin muryoyi. Da na ce da matata na zo kuma ina so ta zauna a ciki, nan take ta sa aka kawo kujera, sauran zaman da na je ni kaɗai kuma ƙofa a buɗe take barin ta ba sai na roƙa ba. Wannan ya ƙara mata daraja a idona sosai.

Kuɗi kuwa, naira dubu 25 kowane zama, in ka biya shida a dunƙule dubu 130. Ga mai irin samuna wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai da na taɓa kuɗin adashe.

Zaman farko gwaji ne kusan rabinsa. Ta ce in kalli sama iya ƙarfina ba tare da na ɗaga kai ba, in rufe ido a hankali, in ja numfashi in saki, in ji kamar jikina na shawagi. Sai ta ce in ɗauka an ɗaura wa hannuna na hagu igiyar balan-balan, yana ta sauƙi yana ta sauƙi. Ni ina kwance ina jin komai, ina jin hon ɗin motoci a titi, ina jin matata na gyara mayafi, har ina ce wa kaina babu abin da zai faru. Can sai na ji hannun na tashi, a hankali, da ɗan karkarwa, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ban ji ni nake ɗaga shi ba. Na san hannuna ne, na san in na ga dama zan sauke shi, amma ji nake kamar shi ya ga damar tashi. Da muka fito matata ta ce, “Kai ka ɗaga ko?” na ce ni ne amma ba ni ba ne, ta ce ita dai Ayatul Kursiyyu take ta ja tunda aka fara.

Wannan jin na “ni ne amma ba ni ba ne” shi ne ya fi tsaya min a rai, kuma akwai binciken da ya taɓo shi. A 2016 David Spiegel da abokan aikinsa a jami'ar Stanford ta Amurka sun tantance mutum 545, suka zaɓi 57, 36 masu saurin shiga hifnosis da 21 waɗanda kusan ba ya kama su, suka sa su a na'urar MRI mai nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki. Abu uku suka gani a masu saurin shiga lokacin da suke ciki. Na farko, wani sashe da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa ta gaba, wanda ake kira singulet, aikinsa ya ragu. Wannan sashen kamar maigadi yake, shi ke lura da abin da ke faruwa a kewaye yana ce maka duba can, ga wani abu, wancan fa? Idan ya lafa sai hankali ya zauna a kan abu ɗaya, shi ya sa ina jin hon amma bai dame ni ba. Na biyu, alaƙa ta ƙaru tsakanin gefen gaban ƙwaƙwalwa mai tsara aiki da wani sashe mai suna insula, wanda ke karɓar rahoton abin da ke faruwa a cikin jiki, bugun zuciya, numfashi, motsin hanji. Na uku, alaƙa ta ragu tsakanin mai tsara aikin nan da sassan da ke aiki idan mutum na tunanin kansa, wato masu cewa ni ne nake yin kaza, yaya mutane za su gan ni. To ka ga idan mai yin aiki da mai kallon kai suka ɗan rabu, sai ka yi abu ba ka ji kai ne ka yi ba. Ni dai da na karanta wannan na tuna hannuna, sai na ji tsoron da ya rage min ya tafi. Babu wanda ya shiga jikina, ƙwaƙwalwata ce ta sauya yadda sassanta ke magana da juna na ɗan lokaci, kamar yadda mutum kan tuƙa mota daga Agege zuwa Oshodi yana tunani ya isa bai tuna hanyar ba.

Daga zama na biyu aka shiga maganar ciki. Bayan ta sa na nutsu sai ta ce in ɗora hannu a ciki in ji ɗumi na ratsawa, in ɗauki hanjina kamar kogi mai tafiya a hankali babu duwatsu babu toshewa, ni ke riƙe da gudunsa, in ya yi sauri in rage, in ya tsaya in sake shi. Minti arba'in ana wannan, da muryarta a ƙasa-ƙasa tana maimaitawa. Wani zai ce yaya za a yi tunanin kogi ya gyara hanji, ni ma na ce haka, amma amsar na cikin yadda ciwon yake. Hanji na da nasa jijiyoyin, ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100 ne shimfiɗe a bangonsa, kuma kullum saƙo na kaiwa da komowa tsakaninsa da ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai fargaba cikinsa ke ɗurar ruwa. A masu IBS an daɗe da gwadawa, idan aka zura ƙaramin balan-balan a hanji aka hura, da yawansu kan ji zafi tun a matakin da mai lafiya bai ji komai ba. Wato hanjin ba rauni gare shi ba, saƙon ne ake ƙara wa murya kafin ya iso, kamar rediyon da aka ƙure. Tsoron ciwon kuma na ƙara ƙure shi, ciwon ya ƙara tsoron, haka ake ta zagaye. Aikin hifnosis a nan shi ne rage muryar.

Binciken da ya fi burge ni a kan wannan shi ne na Pierre Rainville da abokansa a Montiriyal ta Kanada, 1997. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwan zafi mai digiri 47 suna cikin hifnosis, wani lokaci a ce musu zafin zai yi matuƙar damunsu, wani lokaci a ce ba zai dame su ba, ruwan kuma ɗaya ne bai canza ba. A hoton ƙwaƙwalwa, sashen da ke gane inda zafin yake a fata bai canza ba, amma singulet ɗin nan ya riƙa hawa da sauka daidai da yadda mutum ya ce abin ya dame shi. Ashe jin zafi daban, wahalar zafin daban, kuma magana na iya taɓa ta biyun. Haka na samu kaina wajen zama na huɗu, cikin na motsi, ina jin sa, amma wannan firgicin na shi kenan ya taso ba ya zuwa da ƙarfi, kuma idan firgicin bai zo ba sau da yawa murɗar kan wuce da kanta cikin mintoci. Akwai ma wani gwajin na shekarar 2000 da Stephen Kosslyn na Harvard ya yi tare da Spiegel, aka nuna wa masu saurin shiga hoto mai toka-toka aka ce su gan shi da launi, sai sashen ƙwaƙwalwa mai gane launi ya kama aiki. Wannan ya nuna ba faranta wa mai gwaji rai kawai suke yi ba.

Kuma ba sabon abu ba ne a fannin ciki. Peter Whorwell a Manchester ya wallafa gwajinsa na farko a kan masu IBS mai tsanani tun 1984, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta sa hifnosis cikin abubuwan da za a iya tura mai IBS idan ya shekara yana shan magani bai samu sauƙi ba. A Liyej ta Beljiyam tun farkon shekarun 1990 likitoci ke yin wasu tiyatoci, har da na maƙoƙo, da hifnosis haɗe da allurar kashe zafi ta wurin da ɗan maganin kwantar da hankali, maimakon a sumar da mutum gaba ɗaya.

To yanzu abubuwan da ba su yi min ba, kuma suna da yawa.

Babba a ciki shi ne abin da ya samu abokina, wani ɗan Sakkwato da ke sayar da barkono kusa da mu, wanda ganin na fara samun sauƙi ya ce shi ma zai je saboda ciwon kai da rashin barci. Yarinyar da ke zaune a teburin karɓar baƙi ta lallaɓa shi ya biya zama shida a dunƙule tun kafin ya ga matar. Ya shiga, aka yi gwajin hannu, hannu bai motsa ba, zama biyu ya yi ya ce shi ba ya jin komai sai tunanin kayan da ya bari a kasuwa. Ya nemi ragowar kuɗinsa aka ce ba a mayarwa. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, domin duk wanda ya karanci fannin ya san mutane ba ɗaya suke ba. Tun 1959 akwai ma'aunin Stanford mai gwaji 12 da ake auna mutum da shi, kuma abin da aka saba gani shi ne kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne masu saurin shiga sosai, wani kaso makamancin haka kusan ba ya kama su, sauran jama'a na tsakiya. Abin kuma ba ya cika canzawa, an sake auna wasu mutane bayan shekara 25 aka samu yawancinsu na kusa da inda suke. Ba raunin hankali ba ne ba kuma ƙarfin hali ba ne, kamar dai wani na da kunnen waƙa wani babu. Wanda bai shiga sosai ba ma yana iya amfana da nutsuwar, amma haƙƙinsa ne a gwada shi a gaya masa gaskiya kafin a karɓi dubu 130 daga hannunsa. Na yi wa matar magana ido da ido, ta ba da haƙuri ta ce za ta duba, bayan sati uku aka mayar masa da rabi. Har yau ina jin nauyinsa don ni na kai shi.

Na biyu, takardar tallarsu da ke kan tebur ta cika alkawari. An rubuta daina shan sigari a zama ɗaya, rage ƙiba, dawo da abin da aka manta. Maganar sigari, manyan nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje ba su samu hujja mai ƙarfi cewa hifnosis ya fi sauran hanyoyin taimako ba, to don me za a rubuta zama ɗaya? Ta tuna abin da aka manta kuwa ta fi haɗari. Kawuna da ya ji labari cewa ya yi, “To ɗana, ba za a kai mata yaron nan da kuɗi suka ɓata a hannunsa ba, a sa shi barci ya faɗi gaskiya?” Na ce Kawu don Allah a bar wannan maganar, mutum na iya yin ƙarya yana cikin hifnosis sarai, sannan wanda ke ciki yana saurin ɗaukar abin da aka jefa masa a tambaya, ya gina labarin da bai faru ba ya kuma riƙe shi da yaƙini, shi ya sa kotuna da yawa a Amurka suka taƙaita ko suka ƙi karɓar shaidar da aka ciro ta wannan hanya. A ce an kai yaron mutane ya amsa laifin da bai yi ba, wa zai ɗauki alhakin? Ita matar a bakinta ba ta taɓa yi min irin wannan alkawarin ba, tana da taka-tsantsan, amma ofishinta ne kuma takardarta ce.

Na uku harshe. Da Turanci ake komai, ni ina ji, amma Turanci a kaina yake tsayawa ba ya sauka ƙirji. A zama na biyu ta ce in ɗauka ina kwance a bakin teku, ni kuwa bakin tekun da na sani hayaniya ce da masu doki da masu neman kuɗin shiga, sai na ji na fito daga nutsuwar gaba ɗaya. Na gaya mata, ta tambaye ni ina ne na fi samun kwanciyar hankali a rayuwata, na ce fadamar garinmu da sanyin safiya lokacin rani, ana ban-ruwa, ruwan na bin ƙaramar hanya tsakanin fangalin albasa, kana buɗe wannan kana toshe wancan da fartanya. Ta ce to shi kenan ga koginka. Daga ranar abin ya sauya, domin wannan hoton nawa ne, na san ƙamshin ƙasar, na san yadda ake sake ruwa da yadda ake tsayar da shi. Na yaba mata da ta saurara, amma da a ce ban iya Turanci ba, kamar yawancin mutanenmu na Mil 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, da ba abin da zan samu a wajen, tunda gaba ɗaya aikin da magana ake yin sa.

Ƙananan abubuwa kuma, sau biyu ina jira fiye da minti arba'in bayan na baro kasuwa da wuri, akwai ranar da aka ɗauke wuta tsakiyar zama aka tada janareto a ƙarƙashin taga zaman ya lalace kuma ba a rama min ba, sannan muryar da suka turo min ta WhatsApp don in riƙa saurara a gida ba ta fita sosai, ana jin fanka a bayanta. Daga baya ni na zauna na rubuta nawa da Hausa bisa tsarin nata, na nuna mata fassarar ta gyara wurare biyu, na ɗauki muryata da waya da dare bayan yara sun yi barci.

Sakamakon dai ga shi yadda yake. Ban warke ba. Idan na ci wake da yawa ko na sha madara ko aka yi asarar mota guda ta tumatir a hanya, cikin na tuna min yana nan. Amma a da kusan kullum ne, yanzu sai in yi kwana biyar shida lafiya, kuma in ya taso ba ya kai inda yake kaiwa. Ina karyawa a gida kafin in fita, abin da na shekara uku ban yi ba. Ban daina maganin likita ba, ban koma cin abin da ya hana ni ba, don haka ba zan ɗora wa hifnosis duka ladan ba, amma waɗancan na daɗe ina yin su, canjin kuma a makonnin zaman nan ya zo. Ita ma mai hifnosis ɗin ta nanata min cewa abin da nake yi a gida kullum ya fi wanda ake yi a ofis tasiri, kuma na ga hakan, satin da na yi sakaci saboda hidimar bikin ƙanwar matata sai da na ji a jikina.

Wanda cikinsa ke ciwo bai ga likita ba, don Allah kar ya fara ta nan, ya je a duba shi tukuna, musamman in akwai jini ko rama ko shekaru sun ja. Wanda aka riga aka duba aka ce IBS ne kuma magani ya gaza, yana jin Turanci, yana da halin biya, zan ce ya gwada, amma ya biya zama ɗaya kawai tukuna ko me yarinyar teburin za ta ce, ya nemi ganin takardun mai yi, ya je da wani nasa. In tauraro ake bayarwa, ita matar zan ba ta huɗu cikin biyar, ofishin nata biyu.

Yanzu bayan sallar asuba da azkar nakan koma ɗaki in sa iyafis minti goma sha biyar kafin in fita neman mota. Makon jiya Hajiya ta kira tana tambaya ko a ƙaro saiwa, na ce a bari tukuna, na ba ta labarin fadama da ban-ruwa, ta yi shiru sannan ta ce in turo wa ƙanwata muryar da na ɗauka don ita ma cikinta na damunta tun bayan haihuwa. Na ce sai ta fara zuwa asibiti an duba ta, na tura kuɗin mota da na kati ranar Litinin.